Hannun da Ya Zuba 'Ya'yan Anka

Ruwan gonar Kidawa ya yi fari. Tun daga nesa ta hango shi, kamar an wanke tukunyar madarar kwakwa a wurin, amma ba ta kawo komai a ranta ba, don maƙwabciyarta Miza na gefe tana zuba surutu, wanda kuwa Miza ta kama da hira ba ya samun sararin tunani. Hantsi ne, teku ta janye can nesa ta bar wa mata fili su shiga gonakinsu na ciyawar ruwa. Kowace mace a tsibirinmu na Kisimbe tana da layukanta na igiya da take ɗaure ciyawar a jiki, kuma ko an rufe mata ido za ta kai kanta wurin.

Da ta iso sai ta tarar igiyarta ta ƙarshe ta sake tana lilo. Jiya da yamma ita da kanta ta ɗaure ta a jikin wani curin siminti, mai nauyin da sai da ta huta sau uku kafin ta kawo shi nan. Ta sunkuya ta laluba. Hannunta ya nutse cikin wani abu mai laushi kamar kunu, da tsakuwa a ciki, da ɓawon siminti guntu-guntu. Ta jawo igiyar, sai ga zoben rodin da ke tsakiyar curin ya biyo ta shi kaɗai, babu komai a jikinsa.

Ta tsaya cak da zoben a hannu. Curi huɗu ta zuba da hannunta, daga kwaɓi ɗaya. Wannan shi ne na huɗun. Sauran ukun suna cikin jirgin ruwan Nahoda Silima, wato shugaban jirgin, mijinta Machano kuma yana cikin jirgin.

Jiragenmu ba su san sarƙa ba, igiya ce zalla daga goshin jirgi har anka, ƙarfen nan da ake jefawa ƙasan ruwa ya riƙe jirgi. Tsibirinmu kuwa katangar dutsen murjani ta kewaye shi, hanya ɗaya tak gare ta, ita muke kira Ƙofa. Jirgin da ya dawo ya tarar da ruwa a janye ba shi da ta shiga. Dole ya saki anka a waje ya jira cikowa, awa biyu ko uku, katanga na ruri a bayansa, iskar kudu da muke kira kusi tana tura shi kanta. Ƙasan wurin dutse ne sumul, anka ba ta samun abin kamawa na kirki. Abin da ke riƙe jirgi a nan su ne 'ya'yan anka, curi uku da ake zura wa igiya su gangara su kwantar da ita ƙasa. In raƙumin ruwa ya ɗaga jirgi, su yake ɗagawa, su kuma su dawo da shi a hankali, anka ko motsi ba ta yi. In babu su, fizga biyar ta isa ta tumɓuke ta.

Shi ya sa tun kakanni aka ajiye doka: duk wanda ya zuba 'ya'yan anka, shi zai hau jirgin ranar da za a fara jiƙa su, ya zauna a goshi kusa da igiya, wuƙar yanke ta na ƙugunsa. Ba wanda ya taɓa cewa dokar nan ba ta da kyau. Ni ma ban ce ba.

Shekara arba'in Machano yana wannan aiki, har sunansa ya ɓace, kowa Fundi yake ce masa, wato gwanin sana'a, matarsa ma haka. Bara hannunsa ya fara rawa. Da fari ɗan yatsa ne, sai ya kai ga kofin gahawa na ƙara a hannunsa kamar ana kaɗa shi, sai ya daina shan gahawa a dandali ya ce wai zuciyarsa ce ba ta so. Mutum mai girman kan tsiya, Allah ya gani. Da Silima ya aiko yana son sababbi uku, Fundi ya shiga bayan gida ya ɗauki shebur, shebur ya faɗi. Ya sake ɗauka, ya sake faɗuwa. Kidawa ta leƙo ta gan shi zaune a kan bokiti, tsoho mai furfura, hawaye na bin gemunsa. Ta ɗaure zanenta ta karɓi shebur. Ai ta fi shekara talatin tana miƙa masa ruwa tana kallo. Shi kuma ya koma ƙofar gida ya zauna da guntun rodi a cinya, yana tare masu shigowa da hira.

Da ta farke buhun siminti sai ta tarar rabinsa ya zama dutse, damina ta cinye shi. Wani simintin kuma sai jirgin ya je ya dawo. Ta duba, ga ramin farar ƙasarta nan a gindin gwanda, wadda aka ƙona daga dutsen murjani, irin wadda aka gina duk tsoffin gidajen Kisimbe da ita. Tankin alwala na tsohon masallaci da me aka shafe shi? Farar ƙasa. Shekara nawa yana cike da ruwa bai taɓa yoyo ba? Ba wanda ya sani, kakan kakanta ma a ciki ya yi alwala. To abin da ya riƙe ruwa tun wancan zamani, ruwa zai ba shi tsoro? Ta kwaɓa farar ƙasa da tsakuwa ta cika ciki, ta lulluɓe waje da ɗan simintin da ya rage. Bayan kwana goma curin nan suka yi kyau, in ka ƙwanƙwasa sai su amsa. Ba ta gaya wa Fundi ba. Mutumin da ya yi kuka a gabanta ranar, ba ta ga dalilin ƙara masa wani abu ba.

Jiya jirgin ya tashi zuwa babbar ƙasa ɗauko gari da kananzir. Can a kan laka ake kwantar da jirgi, ba a sakin anka. Yau ne ranar jiƙa sababbin 'ya'yan ankar, a bakin Ƙofa.

Miza ta ga ta daskare, ta tambaye ta ko ƙayar teku ta taka. Kidawa ta ce a'a, ta tambayi ko an ji lokacin da Silima ya ce zai dawo. Miza ta kwashe da dariya.

"Kwana ɗaya tak tsoho ya yi a waje, har kin fara leƙen hanya? To kwantar da hankalinki, amarya, ga shi can."

Ta nuna kudu da haɓa. Can ƙarshen ruwa tanga ta ɓullo, ƙaton zanen nan mai kusurwa uku, tana nan ƙarama kamar farcen yatsa. Kidawa ta gane jirgin. Ta kama hannun Miza ta ce ta koma gari da gudu, ta tattaro duk namijin da ta samu, su ja kwalekwale zuwa bakin ruwa su shirya, 'ya'yan ankar Silima ba za su riƙe ba.

"Aikin Fundi ne fa kike faɗa wa haka."

"Yaya Miza, don girman Allah je ki kawai."

Miza ta dube ta, ta dubi farin ruwan, ta yar da buhunta ta juya. A shekarunta gudu sai dai suna, kuma kwalekwalen duk suna kwance kan yashi, ruwan da zai ɗaga su bai zo ba tukuna. Kidawa ta san haka. Ta juya ta nufi katanga.

Daga gonakin mata zuwa bakin katanga tafiyar kusan awa ɗaya ce, in ƙafa ta san hanya. Tata ba ta sani ba. Mata ba sa wuce wani baƙin dutse da ke tsakiya, daga nan gaba wurin maza masu kamun kifi da mashi ne. Ta wuce shi ba ta ko kalle shi ba. Yashi ya ƙare, dutse mai kaifi ya fara, ramuka ko'ina, wani iya idon sawu, wani ka zura ƙafa sai ƙugu. Takalminta na roba ɗaya ya maƙale a rami, ta bar shi. Ba ta yi taku ashirin ba ƙaya ta shige ta a tafin ƙafa, baƙa, doguwa, ta karye a ciki. Zafin ya hau har kanta, amma ba ta tsaya ba, don duk ɗaga idon da za ta yi tangar nan ta ƙara girma.

Tana tafe tana roƙon Allah abu ɗaya: Silima ya ga iska ta yi yawa ya fasa sakin anka, ya yi ta kai da kawowa a filin teku har ruwa ya ciko. Wasu nahodoji suna yin haka. Amma ba Silima ba, mutumin da ko gemunsa ba ya son a taɓa masa sau biyu, balle a sa shi juya tanga sau goma. Kuma me zai ji tsoro? Yana da sababbin 'ya'yan anka daga hannun Fundi, ga Fundin ma zaune a goshi.

Ta iso bakin katanga ƙafarta na jini, daidai lokacin da tanga ta sauka. Jirgin bai fi jifa uku da ita ba. Tana ganin mutanen sarai, su shida, tana ganin farar hular mijinta. Aka jefa anka. Sai ta ga ana ɗaga curin nan ɗaya bayan ɗaya, mutum biyu-biyu, ana zura su a igiya, suna gangarawa cikin ruwa. Ta san kowanne. Na biyun ma akwai inda gefensa ya ɗan karkace, don bokitin ya motsa ranar.

Ta buɗe baki ta kira Silima da iya ƙarfinta. Ita kanta ba ta ji muryarta ba. Raƙuman ruwa na fashewa a gabanta kamar ana rushe gini, iska kuma na kwashe abin da ya rage tana mayar da shi gari. Ta kwance mayafinta ta yi ta kaɗawa, tana nuna musu fili da hannu, su tafi, su tafi. Wani daga cikinsu ya gan ta ya taɓa na kusa da shi, suka miƙe suna ɗaga mata hannu. Ɗaya har da 'yar rawa. Sun gane ta, kuma ta san abin da suke ce wa Fundi yanzu, irin tsiyar da Miza ta yi mata. Farar hular ta juyo wajenta ta tsaya, ba ta ɗaga hannu ba. Shi ya san matarsa ba ta taka wannan dutse don marmari.

Jirgin ya zauna lafiya. Raƙumi ya zo, goshi ya ɗaga a hankali, ya sauka a hankali, yadda ya kamata. Wani ya zo, haka. Har wani sanyi ya fara shiga zuciyarta. Nata curin ai tun jiya da yamma yake cikin ruwa, wa ya san sa'ar da ya narke? Ƙila ya kai asuba. Awa uku kawai ake nema. Sai wata zuciyar ta ce mata, naki igiyar ciyawa yake riƙe, ba jirgi mai buhu sittin ba.

Ruwa ya fara taɓa mata idon sawu, daga baya. Cikowa ta fara, kuma a kan katanga ba daga gaba take zuwa ba, zagayowa take ta cika ramuka ta yanke wa mutum hanya. Kidawa ba ta iya iyo ba, mu matanmu ba sa koya. Ta waiga sau ɗaya, ta ga hanyar da ta biyo ta zama ruwa shimfiɗe, baƙin dutsen can ya rage kansa kawai. Tsoro ya kama ta. Ta mayar da idonta kan jirgi, don komawa ma ba ta yiwuwa.

Ruwa na gwiwarta ta ga farin. Wani ɗan gajimare ne ya taso a gaban jirgin daga ƙasa, ya baje a kan shuɗin ruwa. Ba a jima ba wani ya biyo shi, ya fi shi girma. Raƙumin da ya zo bayan nan bai ɗaga goshin a hankali ba, fizgar shi ya yi, igiya ta fito daga ruwa miƙe tana feshi, mutum biyu suka faɗi a kan buhuna. Masu dariya suka daina. Ta ga Fundi ya sunkuya yana kallon ruwan, ya daɗe yana kallo.

Fizga ta biyu. Ta uku. A ta huɗu jirgin ya ja baya bai tsaya ba, ankar ta saki tana jan ciki a kan dutse.

Ta ga Silima a baya ya rungume sandar tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan yana ta sara iska da shi. Mutum huɗu suka taru kan igiyar tanga, don itacen da ke ɗauke da ita ba ya tashi da ƙasa da haka. Duk ɗan Kisimbe ya san abin da ya rage: tanga ta hau, ta cika, a yanke igiyar anka a daidai wannan lokacin. In an riga, iska ta mayar da jirgi kan katanga. In an makara, ankar da ke ja ta riƙe masa kai ya kasa juyawa, nan ma katanga. Yankan kuwa aikin mai goshi ne. A duk wurin babu wanda ya san halin da hannun mai goshi ke ciki, sai ita da ke tsaye cikin ruwa iya cinya.

Tanga ta hau tana kaɗawa kamar za ta yage. Jirgin ya matso har tana iya ganin fuskokinsu, tana ganin bakin Silima a buɗe. Fundi ya zaro wuƙa ya ɗora a kan igiya. Wuƙar na tsalle, tana sauka nan tana sauka can, ba ta zama wuri ɗaya balle ta ci. Kidawa ta ji kanta tana cewa riƙe, riƙe, kamar yadda take ce masa in yana kai cokali baki. Tanga ta cika, jirgin ya kwanta gefe yana neman juyawa, igiya ta hana shi. Kumfar katanga ta fara taɓa bayansa.

Sai ta ga ya saki katakon da yake riƙe da hagu, ya haɗa hannu biyu a kan wuƙar, ya danna da dukan jikinsa. Igiyar ta tsinke. Goshin jirgin ya yi sama kamar an sake shi daga tarko, jirgin ya zabura ya fita, gefensa na gogar dutse. Wanda ya ba wuƙa hannu biyu ba shi da na riƙe kansa. Ta gan shi a iska, sannan ba ta gan shi ba.

Jirgin ba zai iya juyowa ba, ko da Silima ya so. Raƙumi ɗaya ya fashe, babu komai a ciki. Na biyu ya fashe, babu. Na uku ya ɗauko wani abu mai farar riga ya maka shi da dutse, ya ja shi baya, ya sake makawa, sannan ya tura shi ya haye katanga yana birgima cikin kumfa, can hagu da ita. Yadda ta isa wurin ita ma ba ta sani ba. Ta faɗa rami ruwa ya rufe kanta, ta fito, ta sake faɗawa, ta dai ji rigarsa a hannunta. Ta ja shi zuwa wani dutse da ya ɗan fi sauran tudu, ta jingina bayanta, ta rungume shi ta ɗaga kansa a kan kafaɗarta. Ruwa na ƙirjinta.

Yana numfashi, amma kowane numfashi da ƙara yake fita, gefen ƙirjinsa kuma ya lotsa a ƙarƙashin hannunta. Ya buɗe ido ya tambaye ta jirgin. Ta ce ya fita, duka biyar suna ciki. Ya lumshe ido, ta ɗauka shi ke nan, sai ya sake magana, bakinsa a kunnenta.

"Farar ƙasa kika sa."

"Simintin ya mutu, Fundi. Na ga tankin masallaci..."

"Tanki shafe ne, siriri, iska na shan sa. Curi kuwa ko shekara ya yi cikinsa ɗanye ne." Ya yi tari, abin da ya fito ja ne. "Laifina. Shekara talatin kina kallo, ban taɓa gaya miki ba."

Ta ce ya yi shiru, ga kwalekwale nan zuwa. Ƙarya take a lokacin, ba ta ga komai ba. Ta yi ta faɗa masa haka, ruwa na hawa, ya kai wuyanta, tana ɗage da yatsun ƙafa a kan dutsen da ke yanka ta, tana ɗaga haɓarsa sama duk sa'ad da kumfa ta zo. Hannunsa na kan damtsenta yana rawarsa da ya saba. Can sai ta lura ya daina rawa.

Da kwalekwale biyu suka iso sai da aka ɓamɓare yatsunta daga rigarsa. Aka shimfiɗe shi a tsakiya aka rufe shi da mayafi. Miza na ciki, ta ƙi a bar ta a baya, ta rungume Kidawa tana goge mata fuska. Mai tuƙin, dattijo ne sa'an Fundi, ya dubi jirgin Silima da ke can fili yana jiran ruwa, ya yi salati, ya ce da ita ta yi haƙuri, mijinta ya mutu mutuwar maza. Hannu yakan kuskure ko na wane ne, amma shi ya zuba, shi ya hau, shi ya biya, bai tafi da ɗan kowa ba. Sauran suka ce haka ne, Allah ya ji ƙansa.

"Ba shi ya zuba ba," in ji Kidawa. "Ni ce."

Suka dubi juna. Dattijon ya girgiza kai cikin tausayi, ya ce a lulluɓe ta, sanyi da firgita ne ke sa ta sambatu. Ta sake faɗa, a fili, ta ce ni ce na zuba su, ni ya kamata in zauna a goshin nan. Miza ta jawo kanta ta danna a ƙirjinta, tana jijjiga ta, tana cewa yi shiru, 'yar'uwa, yi shiru, kada ki ɗauke masa abin da ya rage masa. Mazan suka sa sanda a ruwa suka juya kwalekwale zuwa gari.